Tarihin Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, Makaɗin Kotso na Ƙasar Zamfara

Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun yana ɗaya daga cikin mashahuran makaɗan fada da ƙasar Hausa ta yi a ƙarni na 20. Sama da shekaru 30 ke nan da rasuwarsa, amma har yanzu gidajen rediyo a Nijeriya da Jamhuriyar Nijar ba su daina sanya waƙoƙinsa ba, musamman a lokutan bukukuwan salla da naɗin sarauta.

Akasarin masu sauraronsa dai muryarsa da ta 'yan amshinsa suka fi riƙewa. Ƙalilan ne kan tsaya su yi tambaya game da abin kiɗan da ke tashi a ƙarƙashin waɗannan muryoyi, wato kotso, alhali kuwa shi ne ya ɗauko gidan su Ɗanƙwairo daga gona ya kai shi fada, kuma shi ne ya tsara irin waƙar da aka san shi da ita.

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Musa Ɗanƙwairo wajajen shekara ta 1909 a ƙauyen Ɗankadu da ke ƙasar Bakura, 'yan shekaru kaɗan bayan da Turawan Ingila suka ci birnin Sakkwato a 1903. A wancan lokaci yankin yana cikin lardin Sakkwato ne. A yau kuwa Bakura da Maradun, inda ya yi rayuwarsa, suna cikin shiyyar yammacin jihar Zamfara, tare da Talata Mafara da Anka da Bukkuyum da Gummi.

Wannan yanki tsohuwar ƙasa ce ta noma da sarauta. Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarakunan Zamfara sun yi ta sauya mazauni har suka tabbata a Anka a ƙarni na 19. Ban da Sarkin Zamfara na Anka, akwai Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun, kuma bisa al'ada kowace fada tana da makaɗanta. A ƙauyuka kuma manoma suna da nasu makaɗan, waɗanda ke bin su gona a ranar gayya.

Daga cikin waɗannan makaɗan manoma ne zuriyar Ɗanƙwairo ta fito. Kakansa, wanda aka fi sani da Kaka Maiganga, makaɗin noma ne, kamar yadda laƙabinsa ya nuna. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, shi ma da kiɗan noma ya fara, kafin daga bisani ya zama makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun, ya koma kiɗan kotso.

Musa ya fara bin mahaifinsa wurin kiɗa tun yana ɗan shekara shida ko bakwai. A cikin yaran mahaifin nasa akwai wani mai suna Ƙwairo, wanda ya yi fice wajen zaƙin murya. Da aka ji muryar yaron tana kama da tasa, sai aka riƙa kiransa Ɗanƙwairo, sunan da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Daga ganga zuwa kotso

Sauya abin kiɗa da Usman Ɗankwanda ya yi babban al'amari ne a tsarin zaman Hausawa na wancan zamani, domin kuwa abin kiɗan mutum shi ke nuna ko shi makaɗin wane ne. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, dundufa ta maƙera ce, garaya ta maharba da 'yan bori, gangar noma kuwa ta manoma. Fada kuma ta keɓe wa kanta tambari da kakaki da jauje da taushi da kotso. Ba a kaɗa wa talaka tambari komai dukiyarsa, haka kuma ba a busa masa kakaki.

Ita ganga, icce ne ake fafe cikinsa a rufe bakunansa biyu da fata, a gitta wata siririyar tsirkiya a kan fatar domin ta riƙa ba da zuga, sannan a kaɗa ta da lanƙwasasshen makaɗi. An yi ta ne domin fili. Amonta yana ratsa gonaki, ya kira jama'a daga nesa, ya kuma daidaita saran fartanya ko garma a tsakanin samarin da ke tseren noma. Mawaƙin da ke tare da ganga dole ne ya ɗaga murya, ya gajarta zance, ya yawaita kirari da zuga.

Kotso kuwa na zaure ne da ƙofar fada. Ƙarami ne, mai siririn ƙugu kamar kalangu, sai dai baki ɗaya kawai ake rufe masa da fata, ɗayan a bar shi a buɗe. Ana rataya shi a kafaɗa, a kaɗa shi da yatsu da tafin hannu ba tare da makaɗi ba. Saboda haka muryarsa tana da taushi, ba ta danne ta ɗan Adam. Makaɗin kotso yana iya jero sunayen kakannin sarki ɗaya bayan ɗaya, ya kawo karin magana, ya saka habaici, kuma kowa a wurin ya ji abin da ya faɗa. A cikin wannan sarari da kotso ya bar wa magana ne Ɗanƙwairo ya tashi.

Dangogin kayan kiɗa

Masana a duniya sun daɗe da raba kayan kiɗa zuwa dangogi bisa la'akari da abin da ke karkarwa a jikinsu har sauti ya fita. A shekara ta 1914 wasu masana biyu a birnin Berlin na ƙasar Jamus, Erich von Hornbostel da Curt Sachs, suka fitar da tsarin da ya kasa su gida huɗu, kuma har yau da shi ake amfani a jami'o'i da gidajen adana kayan tarihi. Dukkan gidajen huɗu akwai su a ƙasar Hausa, kamar yadda binciken David Ames da Anthony King na 1971 ya nuna, da kuma rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano a kan makaɗa da mawaƙan Hausa.

Gida na farko shi ne na masu fata, inda kotso yake, tare da ganga da kalangu da jauje da taushi da tambari. A nan fatar da aka ɗaure ce ke karkarwa idan an buge ta, iccen da aka fafe kuma ya tattara iskar da ke cikinsa ya ƙara wa sautin amo. Gwargwadon faɗin fata, gwargwadon kaurin murya. Wannan ne ya sa tambari, mai faffaɗan baki da fatar sa, yake ruri kamar tsawa, ƙaramar ganga kuwa take fitar da siririn sauti.

Gida na biyu shi ne na masu tsirkiya, irin su goge da kukuma da garaya da molo da gurmi da kuntigi. Tsirkiyar ce ke karkarwa, ko dai ta hanyar goga mata izga kamar a goge da kukuma, ko ta hanyar taɓa ta da yatsa ko wani abu kamar a garaya da gurmi. Ita kaɗai ba ta da wata murya ta a zo a ji, sai an ɗora ta a kan ƙoƙo ko icce da aka rufe da fata, wanda ke karɓar karkarwar ya bayyana ta. Idan makaɗi ya danne tsirkiyar da yatsa, tsawon da ke karkarwa ya ragu, sai sautin ya ƙara kaifi.

Gida na uku shi ne na kayan busa, inda iskar da ke cikin bututu take karkarwa. Hanyoyin tayar da ita sun bambanta. A kakaki, wanda tsawonsa kan kai mita biyu ko fiye, da kuma ƙaho, leɓunan mabushin ne ke karkarwa. A algaita, belin da ke bakinta ne ke yin wannan aiki, mabushi kuma yana tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa busar ba ta yankewa. A sarewar makiyaya kuwa, iskar tana tsagewa ne a gefen bakin bututun, yatsu kuma suna buɗe ƙofofi suna rufewa domin sauya sauti.

Gida na huɗu shi ne na kayan da jikinsu da kansa ne ke ba da sauti, babu fata babu tsirkiya. A cikinsu akwai kuge na ƙarfe, da ƙwaryar da mata ke kaɗawa a kiɗan amada, da caki da ake girgizawa a bayan garaya.

Yadda kotso ke magana

Abin da ya bambanta kotso da kalangu da jauje daga sauran danginsu shi ne tsirkiyoyin da suka bi tsawon jikinsu suna riƙe da fatar. Idan makaɗi ya matse su a hammatarsa, fatar sai ta ƙara ɗaurewa, sautin ya yi sama. Idan ya sassauta, sai sautin ya sauko. Haka nan akan manna wani danƙo da ake kira nake a tsakiyar fatar kotso da ta taushi. Nauyin wannan danƙo yana rage saurin karkarwar fatar, ya ba ta murya mai zurfi da tsabta, wadda ke ɗan jimawa kafin ta ɓace.

Muhimmancin wannan yana da nasaba da harshen Hausa kansa, wanda harshe ne mai karin sauti. Kalmar kuka, alal misali, tana iya nufin zubar da hawaye ko kuma itaciyar da ake miya da ganyenta, kuma hawa da saukar murya ne kaɗai ke raba su. Tun da kotso yana iya hawa ya sauka, kuma yana iya tsawaita bugu ko ya gajarta shi, to yana iya bin sawun magana. Ta haka ne makaɗa ke kaɗa taken sarki, wanda ya san taken kuma ya gane wanda ake nufi ko da ba a buɗe baki ba.

Wannan ilimi ba a makaranta ake samunsa ba. Yaron gidan kiɗa yakan fara da ɗaukar kaya, ya koyi jeme fata da ɗaure ta, ya san cewa danshin damina yana sassauta fata ya kashe mata murya, rana ko ɗumin wuta kuma su mayar da ita daidai. Daga nan ya koyi amshi, sannan a ba shi kotso ya rataya. Ta wannan hanya Ɗanƙwairo ya bi a hannun mahaifinsa.

Bayan rasuwar Usman Ɗankwanda, jagorancin ƙungiyar ya koma hannun wan Ɗanƙwairo, wato Kurna, wanda shi ma ya yi suna a kiɗan fada. Ɗanƙwairo ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimakin shugaba. Ya shafe shekaru a wannan matsayi yana yi wa sarakunan Maradun waƙa, bai kuma yar da waƙoƙin noma da ya gada daga kakansa ba.

Zamansa da Sardauna

Shaharar Ɗanƙwairo ta wuce iyakar ƙasar Zamfara ne a dalilin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Sardauna ba baƙo ba ne a Zamfara, domin tun a 1938 aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin Sakkwato, saboda haka ya san makaɗan yankin da irin gwanintarsu.

Masu tarihin waƙar baka sun rawaito cewa Sardauna ne ya nemi Sarkin Maradun ya aiko masa da makaɗi, aka tura Ɗanƙwairo. Waƙoƙin da ya yi wa Firimiyan sun haɗa salsalarsa zuwa ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da yabon ayyukansa, da kuma zambo ga abokan hamayyarsa. A zamanin da siyasar jam'iyyu ta yi zafi tsakanin NPC da NEPU, irin waɗannan waƙoƙi sun yi tasiri ƙwarai a zukatan jama'a, waɗanda akasarinsu ba su karanta jarida.

Har ila yau, wannan lokaci ya zo daidai da bunƙasar rediyo a Arewa. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna, kuma ta nan ne sautin kotso, wanda da sai wanda ya je ƙofar fada yake jinsa, ya shiga rumfunan kasuwa da zaurukan ƙauye tun daga Gummi har Borno. Taushin muryar kotso ya dace da na'urar ɗaukar magana, domin kiɗan ba ya rufe kalmomin waƙa.

Abin da ya fi jan hankalin masu sauraro shi ne tsarin amshin ƙungiyarsa. Yaran Ɗanƙwairo su ne makaɗa kuma su ne 'yan amshi. Yakan fara ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, su karɓe su ƙarasa, wasu da kakkaurar murya wasu da siririya, sannan a haɗu a kan gindin waƙar gaba ɗaya. Kafin a kai ga haka sai an zauna an tsara waƙar an maimaita ta har ta zauna a bakin kowa, saɓanin wasu makaɗan da ke ƙirƙirar ɗiyan waƙa nan take a gaban jama'a.

Bayan juyin mulkin 1966

Kisan da aka yi wa Sardauna a juyin mulkin ranar 15 ga watan Janairun 1966 ya raba Ɗanƙwairo da babban ubangidansa. Sai dai sunan da ya riga ya yi ya buɗe masa ƙofofin fadodi da dama. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu na biyu waƙoƙi da suka shahara, haka kuma ya waƙe Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero da wasu sarakuna da masu riƙe da sarautu a sassa daban-daban na Arewa. Bugu da ƙari ya yi waƙoƙin faɗakarwa a kan noma da neman ilimi da zaman lafiya.

Wannan yawo daga fada zuwa fada sauyi ne a al'adar kiɗan sarauta. A da makaɗin fada na sarki ɗaya ne, shi ke ci da shi, ya tufatar da shi, ya ba shi doki da gona, kuma ba ya zuwa wata fada sai da izininsa. Ibrahim Narambaɗa, wanda shi ma makaɗin kotso ne, ya yi zamaninsa ne a fadar Sarkin Gobir na Isa Ahmadu. Salihu Jankiɗi kuwa da taushinsa ya zauna a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Amma da aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, sannan aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ƙarfin sarakuna na riƙe makaɗa ya ragu, dole makaɗan suka faɗaɗa neman abincinsu zuwa ga attajirai da manyan ma'aikata.

Duk da haka Ɗanƙwairo bai sauya abin kiɗansa ba. Ya yi zamani da gwanaye a kowane dangi na kayan kiɗa: Mamman Shata da Muhammadu Bawa Ɗan Anace a kalangu, Garba Supa da Hassan Wayam a kukuma, Haruna Uji a gurmi, Ɗan Maraya Jos a kuntigi, da kuma maƙwabcinsa Sa'idu Faru a kotso. Kowannensu ana gane shi daga bugun farko, kafin ma ya ce uffan, domin kowane abin kiɗa da irin muryar da ƙirarsa ta ba shi, da kuma irin waƙar da yake iya ɗauka.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Allah Ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo rasuwa a ranar Juma'a 13 ga watan Satumbar 1991, yana da shekaru sama da 80 a duniya. Shekaru biyar bayan haka, a 1996, aka ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato. Ya bar 'ya'ya da jikoki, waɗanda wasunsu suka ci gaba da kiɗan kotso a gidajen sarauta da wuraren bukukuwa. Kazalika ɗalibai a sassan nazarin Hausa na jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan waƙoƙinsa.

Sai dai yanayin da ya haifi irin wannan kiɗa ya sauya matuƙa. Tun daga shekarun 1990, da bunƙasar finafinan Hausa, akasarin sababbin waƙoƙi a ɗakin ɗaukar sauti ake haɗa su da fiyano da kwamfuta. Masana suna lissafa waɗannan a matsayin gida na biyar, wato kayan da lantarki ke samar musu da sauti. Na'ura tana iya kwaikwayon amon kalangu ko na kotso, amma mai danna ta ba ya bukatar sanin sassaƙa icce ko jeme fata ko haɗa nake, ballantana taken kowane gidan sarauta.

A hannu guda kuma, matsalar tsaro da ta addabi Zamfara tun daga shekarun 2010 ta taɓa ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi da Maradun, inda dubban manoma suka bar gonakinsu. Wurin da noma ya gagara, gayya ba ta yiwuwa, kuma gangar noma, wadda da ita kakan Ɗanƙwairo ya ci abinci, ba ta da inda za a kaɗa ta.

A fadodin yankin dai har yanzu ana jin tambari da kakaki da kotso a ranakun salla da naɗin sarauta. Waƙoƙin Ɗanƙwairo kuma sun tashi daga faifan garmaho zuwa kaset, daga kaset zuwa wayoyin hannu da intanet, ta yadda muryarsa ta tsira. Abin da faifai ba zai iya adanawa ba shi ne sanin yadda ake ƙera kotso da yadda ake sa shi ya yi magana. Wannan ilimi yana hannun gidajen makaɗa ne, kuma ɗorewarsa ta dogara ga samun yaran da za su zauna su koya, kamar yadda Musa ya zauna a gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda sama da shekaru 100 da suka wuce.